Gabun Matan Adar a Rediyo da Talabijin: Nazarin Yadda Wata Ƙungiya Ta Nemi 'Yan Jarida

A ƙarshen watan Maris, lokacin da albasa ta cika kasuwannin jihar Tawa har farashin buhu ya faɗi warwas, wata ƙungiyar mata da ke wani ƙauye tsakanin Tawa da Keita ta yanke shawarar kiran 'yan jarida su zo su ga aikinta. Matan suna sayen albasar da 'yan kasuwa suka tsame, ƙanana da waɗanda suka ji rauni wajen cira, su yanka, su shanya, su yi gabu, su ƙulla a leda su sayar. Abin da suke so a fili yake: masu saye daga Tawa da Yamai. A ƙauyensu kowace mace ta iya gabu, don haka ba wanda zai saya da daraja.

Magatakardan ƙungiyar saurayi ne da ya yi lakwal har aji na ƙarshen sakandare, shi ke riƙe da littafin adashi da hatimi. Shi aka ɗora wa aikin. Na bi lamarin tun daga farko domin na taɓa zama a ɗakin labarun wani gidan rediyo a Tawa, kuma saurayin yakan biyo ta wurina idan ya shigo gari.

Takardar farko

Ya zauna ya rubuta takarda da Faransanci, shafi ɗaya da rabi. Ta fara da girmamawa ga shugaban gidan, ta bi da tarihin ƙungiya, shekarar da aka kafa ta, lambar takardar izininta, sunayen shugabanni, sannan a can ƙasa ta ce ana roƙon a turo ma'aikata su ɗauki rahoton ayyukan ƙungiya. Ya buga hatimi, shugaba ta dangwala hannu, ya kai gidajen rediyo biyu a Tawa, ya kuma ba wani direba kwafi ya kai wani gidan talabijin a Yamai.

Gida ɗaya bai ce uffan ba. Ɗayan ya amsa da sauri, amma da takardar kuɗi: kaza na ɗaukar rahoto, kaza na watsawa, kaza idan ana son maimaici. Daga Yamai ko labari babu. Matan suka ji haushi, shugabar ta ce ashe labari ma sai mai kuɗi.

Gidan da ya aiko takardar kuɗi bai zalunce su ba, abin da suka tambaya ya ba su. A gidajen rediyo da talabijin na ƙasar nan ƙofa biyu ce, kuma duk wanda ya yi aiki a ciki ya san su. Akwai ƙofar kasuwanci, inda ake karɓar sanarwar aure da suna da rasuwa da cigiya, da tallar magani da ta lakwal, da tarurrukan ƙungiyoyi da ma'aikatu. Da wannan kuɗin ake biyan wuta da albashi, musamman a gidaje masu zaman kansu. Sai ƙofar ɗakin labaru, inda ake zaunawa da safe a raba wa kowa abin da zai bi. Takarda mai hatimi da ke neman a zo a ɗauki ayyukanmu, ko wane ne ya buɗe ta, ƙofar farko zai miƙa ta, saboda irinta ake gani kullum daga masu taron ƙara wa juna sani. Babu layi ɗaya a takardar saurayin da zai sa mai tsara shiri ya ɗaga kai. Ko albasa sai a shafi na biyu aka ambace ta.

Akwai kuma batun wanda aka aika wa. Shugaban gidan rediyo ba shi ke cika minti talatin na shirin noma ba. Wanda shirin ke wuyansa shi ne yake kwana da tunanin wa zai yi hira da shi ranar Alhamis, kuma sunansa ana faɗarsa a ƙarshen shirin duk mako. Saurayin bai taɓa sauraron shirin har ƙarshe ba.

Wa ake nema, a ina

Tun da aka buɗe fagen rediyo ga 'yan kasuwa a shekarun 1990, gidajen sun yi yawa. Akwai na gwamnati, Muryar Sahel da Télé Sahel, masu tashoshi da wakilai a manyan biranen jihohi. Akwai masu zaman kansu irin su Anfani, Ténéré, Dounia, Saraounia da Bonferey, waɗanda cibiyoyinsu ke Yamai. Akwai rediyon karkara, da suka fara da ta Bankilare a 1999 suka bazu cikin ƙasa. Akwai Studio Kalangou da ya fara aiki a 2016, wanda ke haɗa shirye-shirye da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Faransanci, gidajen rediyo abokan hulɗarsa su watsa. Na waje kuwa hanyarsu ta ƙuntata, an dakatar da RFI a watan Agustan 2023, BBC kuma aka dakatar da ita wata uku a Disamban 2024.

Kowannensu da irin yunwarsa. Rediyon karkara na da lokaci mai yawa da abin cikawa kaɗan, za ta ba ka rabin awa da murna, amma muryarta ba ta wuce ƙauyukan da ke kewaye, wato mutanen da suka riga suka iya gabu. Talabijin ɗin Yamai na kaiwa ga matan da za su saya, amma tsakanin Yamai da Tawa tafiya ce ta fiye da kilomita 500, ba wanda zai taso da kyamara saboda gabu. Abin da ya rage shi ne na tsakiya: mai shirin noma a Tawa, da wakilin gidan talabijin da ke zaune a Tawa yana neman abin da zai aika wa editansa.

Zuwa na biyu

Saurayin ya samu lambar mai shirin noman ta hannun wani malamin gona. Bai kira shi da safe ba, lokacin da ake taron raba aiki da gaggawar labarun rana. Ya bari sai bayan la'asar, ya tarar da shi a bakin ƙofar gidan rediyon ana dafa shayi. Ya fara da tarihin ƙungiya kamar yadda ya saba. Mutumin ya bar shi ya ɗan yi nisa, sannan ya tare shi.

"Ƙanena, dakata. Me ya faru a ƙauyenku makon nan da bai faru ba wancan makon?"

Saurayin ya yi shiru, can ya ce, "Malam, sai dai albasa da ake zubarwa bayan gari. Jiya ma amalanke biyu na gani."

"To ka ga labari. Wa ke zubarwa? Zai yi magana?"

Wannan tambayar ita ce ta juya lamarin duka. Mai shirin bai damu da shekarar da aka kafa ƙungiya ba. Abin da ya sani, kuma duk mai sauraronsa ya sani, shi ne ciwon albasa a Adar, wato yankin Tawa. Manomi ya ci bashin man injin ban ruwa da takin zamani tun lokacin dashe, don haka da an cire a Maris ko Afrilu dole ya sayar, lokacin da kowa ke sayarwa, daga Galmi da Tsarnawa har Madawa da Tamaske. Wanda ya daure ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa na gargajiya, yana jiran farashin ƙarshen shekara, zafi da raɓar damina su cinye masa kaso mai yawa, balle idan ya cika wa albasar taki ko ya yi ta ban ruwa har dab da cira. Ga manyan motocin da ke kai ta Gana da Kodibuwa, waɗanda hanyarsu ta dagule tun rufe iyakokin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A cikin wannan babban labarin, matan da ke mayar da albasar zubarwa abin miya suna da wurin zama. Su kaɗai, ba tare da shi ba, ƙungiya ce kamar ɗaruruwan ƙungiyoyi.

Mai shirin ya gaya masa abin da yake so kafin ya yarda ya hau babur: muryar mutum ɗaya da ya iya magana, wadda ba ta kai minti ɗaya ba, da hoto biyu ko uku, da sunan ƙauye da ranar da matan ke aiki. Ya ce kada a rubuto masa komai da Faransanci, shirinsa na Hausa ne.

A nan aka samu saɓani na farko cikin ƙungiyar. Shugabar Hajiya ce mai kwarjini, ita ke magana gaban magajin gari da baƙi, kuma a ganinta muryarta ce za a aika. Aka ɗauka. Ta yi godiya ga hukumomi, ta yi godiya ga masu tallafi, minti ya cika ba ta zo kan albasa ba. Saurayin ya yi dabara, ya ce bari a ɗauki wasu ma don a samu zaɓi. Wata tsohuwa da ke zaune gefe tana yanka ta ce ita ba ta iya maganar rediyo ba, sai ya ce, "Inna, ki faɗa mini dai abin da kika faɗa wa jikanki jiya." Ta ce:

"Bara mai gidana ya zuba albasa cikin rudu, damina ba ta yi nisa ba ta hwara wari. Da munka buɗe, ƙasan duk ruwa. Wadda ni kuwa na yanka na shanya, har yau da ita nike miya. Shi da ya raina wuƙata, yanzu shi ka wasa min ita."

Wannan aka aika ta WhatsApp, da hoton tulin ruɓaɓɓiyar albasa bayan gari da na tabarmin shanya. Ƙarƙashinsu layi uku: sunan ƙauye, cewa matan na aiki Talata da Asabar daga hantsi, da lambar saurayin. Kafin isha'i mai shirin ya amsa cewa yana tafe ranar Asabar.

A ganina abin da ya ci nasara a saƙon shi ne ya rage wa mai shirin aiki. Ya ji da kunnensa cewa akwai mai magana, ya san ba zai ƙona mai a banza ba. Mutumin da ke haɗa shiri shi kaɗai, shi ne mai hira, shi ne mai yankawa a kwamfuta, shi ne mai gabatarwa, babban tsoronsa ya yi tafiyar awa guda ya tarar da mutane sun jeru kan benci suna jiran shugaba ya karanta jawabi.

Ranar Asabar ɗin kuwa saura kaɗan hakan ta faru. Ya iso ya tarar an share fili, an shimfiɗa tabarmi, matan sun ci anko, an kwashe albasar da wuƙaƙen an kai bayan ɗaki don kada baƙo ya ga datti. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, don Allah a maido min dattin nan, shi na zo ɗauka." Sai da aka dawo da kwanuka aka ci gaba da yanka sannan ya kunna na'urarsa. Ya ɗauki ƙarar wuƙa kan katako da ta turmi, ya bi tsohuwar har rudun mijinta, ya sa mijin ma ya yi magana. Ya ba Hajiya nata lokacin a ƙarshe, ya tambaye ta nawa suke sayar da ƙulli da inda za a same su. Shirin ya fita mako na gaba, aka maimaita shi.

Talabijin da kuɗin mai

Wakilin wani gidan talabijin a Tawa ya ji shirin, ya karɓi lambar saurayin wurin mai shirin noman. Haka abin ke tafiya sau da yawa, 'yan jaridar gari guda sun san juna, kuma labarin da wani ya riga ya gwada ya fi sauƙin sayarwa ga edita a Yamai.

Bukatunsa daban ne. Ya tambayi ko akwai abin da ke motsi da za a ɗauka, ko rudun na nan a tsaye, ko za a samu wanda zai yi bayani da Faransanci na daƙiƙa ashirin saboda labarun dare, ko kuma malamin gona zai yarda ya tsaya gaban kyamara. Ya ce sai da safe zai zo, kafin rana ta take ta ƙone hoto. Sannan ya ce shi da mai kyamara ba su da abin hawa, sai ƙungiya ta ɗauki nauyin mai.

Wannan ya sake raba matan. Wasu suka ce ai ga ta nan, takardar kuɗin ce ta dawo da wata riga. Wasu suka ce baƙon da ya taso dominka ba ka barinsa ya biya mota. Ni ina ganin akwai bambanci, ko da yake siririn zare ne. Kuɗin man zuwa ƙauye da dawowa abu ne da ake iya lissafawa a faɗa gaban kowa, a rubuta a littafin ƙungiya. Ambulan da ake cusa wa ɗan jarida a aljihu bayan an gama, wanda ya zama al'ada a tarurruka har wasu ba sa tashi sai an miƙa, wani abu ne dabam, kuma wanda ya bayar yakan ɗauka ya sayi abin da za a faɗa. Matan suka cire kuɗin mai daga adashi, jika kaɗan, saurayin ya rubuta. Ba su ƙara komai ba. Sai dai fa sun fita da tunanin cewa tun da sun biya wani abu, rahoton nasu ne.

Rahoton ya fita bayan kwanaki, bai kai minti biyu ba. Ya buɗe da tulin albasar bayan gari, ya shiga kan faɗuwar farashi, malamin gona ya yi bayanin ajiya, aka nuna hannayen mata na yanka, tsohuwar ta faɗi jimla ɗaya. Hajiya, da ta yi magana mai tsawo gaban kyamara, ba ta fito ba sai a hoton taro. Sunan ƙauyen ya fito a rubuce. Sunan ƙungiyar bai fito ba, balle lambar waya.

Hajiya ta sa saurayin ya kira wakilin. Amsarsa gajera ce: shi ya aika da minti huɗu, a Yamai aka yanke, kuma lambar waya ba ta shiga labaru, talla ce. Gaskiyarsa. Wanda ya shiga ta ƙofar labaru ya samu kyauta ko kusan kyauta, amma almakashi na hannun edita. Wanda ke son a faɗi sunansa sau uku a nuna shugabarsa da lambarsa, ƙofar kasuwanci na nan a buɗe da farashinta. Matan sun so ribar ƙofofin biyu da kuɗin mai kawai. Inda nake ganin wakilin ya gaza shi ne bai gaya musu haka tun kafin ya kunna kyamara ba, alhali ya san da mutanen da yake hulɗa, ya kuma san sun taɓa adashinsu.

Akwai abin da ƙungiyar za ta iya yi da ba ta yi ba. Ledojin gabun ba su da wata takarda a jiki. Da an manna ko ƙaramar takarda mai sunan ƙungiya, da kyamara ta ɗauke ta ba tare da kowa ya roƙi edita ba. Da kuma tsohuwar ta ambaci sunan ƙungiyar a tsakiyar zancenta, da wuya a cire.

Abin da ya biyo baya

Masu sayen da aka samu, ta rediyo suka zo, domin a can ne aka faɗi farashi da wurin samu. Mata biyu masu abincin sayarwa a Tawa suka fara aiko da saƙo ta hannun direbobi ranar kasuwa. Wani ɗan kasuwa ya kira yana neman buhuna, da aka gaya masa abin da ke ƙasa bai cika buhu biyu ba, bai sake kira ba. Ba wanda ya tambayi kansa tun farko ko nawa za su iya fitarwa a mako idan aka ce a kawo.

Talabijin bai kawo mai saye ko ɗaya kai tsaye ba, amma wani ya ɗauki rahoton da wayarsa daga allon, ya shiga WhatsApp ɗin 'yan ƙauyen da ke bida a Abijan da Legas. Wasunsu suka haɗo kuɗi aka sayo wuƙaƙe da tabarmi. Ma'aikatar magajin gari ma, da a da sai an yi ta sintiri, ta aiko a sa sunan ƙungiyar cikin masu baje koli na ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda ake tunawa da tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 suna neman a ba su wuri a kwamitin shirya babban taron ƙasa.

Saurayin ya so ya yi amfani da wannan ranar ya sake komawa gidajen rediyo. Mai shirin noman ya ce masa ranar 13 ga Mayu kowace ƙungiyar mata a jihar tana bakin ƙofarsa, kuma bai daɗe da watsa nasu ba. Ya ce ya dawo a watan Agusta, lokacin da aka fara buɗe ruduna ana ganin abin da damina ta bari, ya zo masa da manomi biyu, wanda albasarsa ta tsira da wanda tasa ta ruɓe, a zauna a ji me kowannensu ya yi daban. Ga sanarwar baje kolin kuwa, Hajiya da kanta ta ce a je a biya. Aka biya sanarwa ta kwana uku, aka karanta sunan ƙungiya da nata da lambar waya yadda take so, safe da yamma.